Yadda za ka haɗa teburin katako a gida ba tare da ka kashe kuɗi da yawa ba

Tebur ba wani abu bane mai wuya in ka tsaya ka kalle shi da kyau. Ƙafa huɗu, sai katakai huɗu da suke zagaye ƙafafun ta sama suna riƙe su, wato firam, sai saman da ake ɗora kaya. Guda tara kenan. Duk wani tebur mai tsada da kake gani in ka cire ado da fenti waɗannan taran ne a jikinsa, don haka mutum in yana da zarto da tef na awo da ɗan haƙuri zai iya haɗa nasa a gida, mace ko namiji, ko da bai taɓa zama gaban kafinta ba.

Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne teburin araha wuri biyu yake mutuwa. Ko dai an yi shi da ɗanyen katako ya zo ya bushe a ɗaki ya karkace ya tsage, ko kuma inda ƙafa ta haɗu da firam ƙusa kawai aka buga, bayan 'yan watanni sai kaga ya fara rawa, kana rubutu yana girgiza. Ɗan kuɗin da kake da shi da lokacinka nan biyun za ka zuba su. Sauran duk ana iya maneji, ka ari kayan aiki, ka yi amfani da tsohon katako, ka bar fenti sai gaba, amma banda waɗannan biyun.

Kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya ɗauki takarda da fensir. Tsayin teburin cin abinci ko na karatu santimita 75 ne ko kusa da haka, tsakanin 72 da 76, saboda mazaunin kujera yawanci santimita 45 yake daga ƙasa. Ƙaramin teburin tsakar falo kuma 40 zuwa 45 ya isa. In mutane za su zauna a jere ka ba kowa wajen santimita 60 don kada gwiwar hannu ta riƙa karo. Sannan ka auna inda za ka ajiye shi, ka auna ƙofar da zai bi ya shiga, wannan na ƙofar mutane da yawa sai sun gama aiki suke tuna shi.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe, tebur mai tsawon santimita 120, faɗi 60, tsayi 75. Ya isa karatu, ɗinki, kwamfuta, guga, har mutum biyu su ci abinci a kai. In kaurin saman santimita 2 ne toh ƙafa za ta zama 73, kaurinta 5 da 5. Za ka bar saman ya leƙo waje da santimita 5 ta kowane gefe, kenan ƙasan tebur daga bayan ƙafa zuwa bayan ƙafa 110 ne a tsawo, 50 a faɗi. Ka cire kaurin ƙafa biyu wato 10, sai ka samu dogayen katakan firam guda biyu masu 100, gajeru biyu masu 40. Faɗin katakon firam ya zama santimita 8 zuwa 9, kauri 2. Kada ka wuce 10 a faɗin nan, in ya yi faɗi da yawa cinyar mai zama za ta riƙa bugunsa, in kuma ya gaza 7 ba zai riƙe ƙafa da kyau ba. Idan ka canja girman teburin lissafin iri ɗaya ne, lambobin kawai za ka sauya.

Yanzu katako, kuma nan zan daɗe don nan ne ake cin kuɗin mutum a banza. Katako yana shan laima daga iska yana kuma sakinta, in ya sha ya kumbura in ya bushe ya tsuke, kuma motsin nan ta faɗi yake yinsa, ta tsawo kusan ba ya motsi. Wanda aka yanka kwanan nan cike yake da ruwa, za ka ji shi da nauyi, da sanyi a tafin hannu, in ka sa zarto garin yana fitowa a dunƙule yana manne wa haƙoran zarton. Irin wannan in ka haɗa tebur da shi ranar farko lafiya lau, daga baya ne rata za ta buɗe tsakanin falankai, gam ya saki, saman ya lanƙwashe. Masu sana'ar suna da wani lissafi na kusa-kusa cewa ɗanyen katako mai kaurin inci ɗaya yana iya cin shekara guda kafin ya bushe a iska, kaga kenan ba abin da za ka shanya kwana uku a rana ka ce ya yi ba ne, ranar ma tsaga shi take yi. Ka nemi busasshe tun a wajen saye. In ka kawo gida ka jera shi a inuwa, a ɗakin da teburin zai zauna in da hali, ka ɗaga shi daga ƙasa, ka sa 'yan siraran sanduna tsakanin kowane falanki don iska ta ratsa, ka ɗora abu mai nauyi a sama, ka bar shi sati biyu ko uku. In kana da sikeli ka riƙa auna guntu ɗaya duk bayan 'yan kwanaki, ranar da nauyinsa ya daina raguwa ya daidaita da iskar ɗakin kenan.

Wajen zaɓe kada ka ji kunyar mai sayarwa. Ɗaga kowane falanki ka sa bakinsa saitin idonka ka kalli tsawonsa, za ka ga in ya yi baka ko ya murɗe. Mai ɗan baka ana iya yanka shi gajeru a yi firam, amma wanda ya murɗe ka ajiye musu kayansu. Ka duba manyan idanun reshe musamman na bakin gefe, da tsaga a ƙarshensa, da 'yan ƙananan huji masu fitar da gari, wannan ƙwaro ne a ciki kuma in ka kai gida zai iya komawa sauran kayan katakonka. Wani abu kuma, sunan da ake kiran katako da shi ba shi ne ainihin girmansa ba, wanda ake cewa 2x4 in an goge shi da inji yakan dawo wajen milimita 38 da 89. Don haka ka tafi da tef ɗinka, ka gyara lissafinka bisa abin da ka auna da hannunka.

Hanya mafi sauƙi ga mai farawa ita ce saman ya zama filawud. Cikakken filawud santimita 244 ne da 122, ka ɗauki mai kaurin milimita 18, guda ɗaya zai ba ka saman irin teburinmu har huɗu, ko ka fitar da sama ɗaya ragowar ka yanka firam da kanta da wani ƙaramin tebur. Filawud ba ya kumbura yana tsukewa irin na falanki saboda siraran katakan da ke cikinsa an gicciye su ne aka manne. In ana yanka a inda ka saya ka ba su awo su yanka maka da inji, yafi miƙewa. MDF da sauran allunan nan na garin katako da aka matse sun fi araha, amma ni gaskiya bana ba kowa shawarar su a tebur, ruwa kaɗan ya shiga bakinsu sai su kumbura kuma ba sa komawa, sukuru ma ba ya kama su da kyau.

Tsohon katako kuwa alheri ne babba, tsohuwar ƙofa, gadon da ya karye, kantar da aka cire, ragowar wajen gini, duk sun riga sun bushe shekara da shekaru. Ka dai bi su ka cire duk wata ƙusa kafin zarto ya hau, ka yi hattara da tsohon fenti don wasu na da akwai dalma a ciki, kada ka goge shi a bushe kana shaƙar ƙurar, balle a kusa da yara. In falet ka samu, irin wanda ake ɗora kaya a kai wajen jigila, duba tambarin jikinsa. HT na nufin da zafi aka kashe ƙwarinsa, wannan ba matsala. MB na nufin an yi masa hayaƙin guba, ka bar shi. Wanda ka ga mai ko wani sinadari ya zube a kai shi ma ka bar shi.

Kayan aiki ba su da yawa, zarto mai kaifi, tef, sikwaya wato ma'aunin kusurwa mai siffar L, fensir, guduma, sukurudireba, diril ko da na aro ne, sanfefa, sukuru, da farin gam na katako. Sikwaya da gam su ne biyun da zan ce ka sayi masu kyau.

Wajen yanka, ka ja layi da sikwaya ya zagaye duk fuska huɗu na katakon, ka yanka ta gefen da za a yar ba a kan layin ba, don zarto yana cin milimita biyu ko uku. Ka danne katakon kada ya yi motsi, kada kuma ka matsa wa zarton, ka bar shi ya ci da kansa. Ƙafafu huɗun ka haɗa su wuri ɗaya ka ja musu layi lokaci guda, haka firam dogaye tare gajeru tare, domin in duka huɗun 72 da rabi ne babu wanda zai sani, amma in ɗaya ta bambanta da sauran kowa zai sani. In ba ka samu katako mai kauri na ƙafa ba ka manne sirara biyu da gam ka matse su kwana ɗaya, ƙarfinsu ba ya kasa na guda ɗaya.

Toh ga inda aikin yake, haɗa ƙafa da firam. Bakin katako inda aka yanke shi kamar gindin tsintsiya yake, zare-zare ne a jere, in ka tura ƙusa ko sukuru ta nan tsakanin zaren kawai yake shiga ba abin da ya riƙe shi, gam ma tsotse shi wurin yake yi. Shi yasa in ka bugo ƙusa ta bayan ƙafa ta shige bakin firam, duk jan da aka yi wa teburin a ƙasa tana ƙara sakewa. Dole ka ba mahaɗar nan wani abin da zai riƙe ta.

Na farko, dawul, wato 'yan sandunan katako zagayayyu masu kaurin milimita 8 ko 10, guda biyu a kowace mahaɗa, rabi a cikin firam rabi a cikin ƙafa. Wahalarsu ɗaya ce, hujin ya yi saiti. Dabarar da ba ta cin kuɗi ita ce ka buga 'yan ƙananan ƙusoshi biyu a bakin firam inda kake son hujin, ka datse kawunansu ka bar ɗan tsini, ka saita firam ɗin a jikin ƙafa ka danna, tsinin zai bar maka alama, sai ka zare ƙusoshin ka huda duka ɓangarorin biyu. Ka naɗa ɗan salatif a jikin bakin diril don ka san zurfin da za ka tsaya. Ka kuma tuna kowace ƙafa firam biyu ne ke shigarta, don haka dawul na gefe ɗaya ka ɗan ɗaga su sama na ɗaya gefen ka ɗan saukar, kada su yi karo a ciki. Bakin firam ka fara shafa masa gam kaɗan ya sha na 'yan mintuna sannan ka sake shafawa ka haɗa.

Na biyu, kuma wannan ko ka yi dawul ko ba ka yi ba kada ka bar shi, shi ne katakon kusurwa. Guntu ne mai kauri, tsawonsa kamar santimita 15, ka yanke bakinsa biyu a karkace digiri 45 yadda zai gicciya ta cikin kusurwa ya kwanta jikin firam biyun. Ka sa gam, ka ɗaure shi da sukuru biyu-biyu a kowane firam, sannan ka tura dogon sukuru ɗaya ko biyu ta tsakiyarsa su shige cikin ƙafar. Wannan ɗan guntun da ba a ganinsa shi ne ke hana tebur rawa, kuma daga ragowar yanka za ka fitar da shi. Kowane sukuru ka fara huda masa siririn rami kafin ka ɗaura, musamman kusa da baki, in ba haka ba katakon tsagewa zai yi, sannan ka gwada tsawonsa a gefe ka tabbata ba zai ɓullo ta waje ba.

Kada ka haɗa komai lokaci ɗaya. Ka fara gwadawa a bushe ba gam ka ga komai ya zauna. Sai ka haɗa ƙafa biyu da gajeren firam, haka ɗaya gefen, ka bar su su kama, sannan ka haɗe su da dogayen. In ba ka da kilam, wato ƙarfen matse katako, igiya ta isa, ka ninka ta biyu ka zagaye firam ɗin, ka sa kwali a kusurwoyi kada ta ci katakon, ka soka sanda tsakanin igiyar ka yi ta murɗawa har ta matse. Tun gam bai bushe ba ka auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta a gicciye, ka auna ɗaya gicciyen, in lambobin biyu sun zo ɗaya firam ɗinka ya miƙe, in ba su zo ɗaya ba ka tura doguwar kusurwar a hankali har su daidaita. Gam ɗin da ya tsattsafo ka share shi da jiƙaƙƙen tsumma tas, don duk inda ya bushe banish ba zai shiga ba, tabo zai bari. Farin gam yana kamawa cikin kamar awa ɗaya amma ka ba shi awa 24 kafin ka ɗora masa nauyi. In teburin ya wuce mita ɗaya da rabi ka ƙara katako ɗaya a tsakiya ya gicciya tsakanin dogayen firam.

Saman in filawud ne aikin kaɗan ne, ka kife shi a ƙasa kan bargo ko kwali, ka kife firam a kai, ka daidaita ratar santimita 5 ta ko'ina, ka ɗaure ta ciki da 'yan guntayen katako ko ƙarfen kusurwa. Bakin filawud ba shi da kyan gani kuma yana ɓarewa, ka rufe shi da siririn katako mai kaurin santimita ɗaya, gam da ƙananan ƙusoshi.

In kuma falankai za ka jera, wanda gaskiya yafi kyau a ido, sai ka ƙara natsuwa. Gefen kowanne ya miƙe sosai, ka haɗa biyu ka ɗaga saitin haske, in haske na ratsawa ka ƙara gogewa da filen, wato abin kankare katako na kafinta, ko sanfefa da ka naɗa a miƙaƙƙen katako. Gam kaɗai ya isa riƙe gefe da gefe in sun zauna da kyau, don nan ba baki bane, gam yana kama shi ƙwarai. Ka matse su ka ɗora nauyi a sama kada su tashi. Amma wajen ɗora shi a firam kada ka sa gam ko kaɗan, kuma kada ka ɗaure shi ƙam ta ko'ina. Saman da ya kai faɗin santimita 60 yana iya motsa milimita da dama tsakanin lokacin laima da lokacin bushewar iska, in ka hana shi motsi tsagewa zai yi ko ya ɓalle mahaɗa. Abin yi shi ne ramin sukuru na jikin guntayen da ke riƙe saman ka ja shi ya yi ɗan tsawo ta ɓangaren faɗin teburin, ka sa washa, wato ɗan faifan ƙarfe mai huji, a kan sukurun, ka ɗaure daidai wa daida yadda zai iya ɗan zamewa. Mutane da yawa suna ganin wannan kamar ƙaƙale ne, amma yawancin saman teburin da ka gani ya tsage a tsakiya daga nan ne.

Sanfefa ka fara da lamba 80 in katakon na da kaushi, sai 120, sai 180, kullum kana bin tsawon zaren katakon, kada ka gicciya. Filawud ka fara daga 120 kuma a hankali, fatar samansa siririya ce tana iya hujewa. Ka kashe kaifin duk gefuna da kusurwoyi saboda yara. Ka rufe hanci da baki, ka kare ido, ka yi a inda iska ke wucewa.

Shafe kuma ya danganta da katakon. In mai kyan zane ne ka sa banish ko man katako, in haɗe-haɗe ne kala daban-daban fenti zai rufa masa asiri. Ko wanne ka zaɓa, shafi siriri sau uku yafi mai kauri sau ɗaya, ka bar kowanne ya bushe yadda aka rubuta a gwangwanin, ka ɗan bi shi da sanfefa mai laushi kamar 240 ka share ƙurar kafin na gaba. Ka shafe ƙasan saman ma ba fuskar kawai ba, in gefe ɗaya ne a rufe ɗayan zai riƙa shan laima shi kaɗai saman ya lanƙwashe, haka tafin ƙafafu don nan ne ruwan mopin ke shiga. Tsumman da ka shafa mai da shi, musamman man linsid, kada ka dunƙule shi ka jefa a kwandon shara, yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa, ka baza shi a waje ya bushe ƙarau ko ka tsoma shi a ruwa.

In ka tsayar da teburin ka ga yana ɗingishi kada ka yi saurin ɗauko zarto. Ka fara juya shi ko ka matsar da shi wani wuri, sau da yawa daɓen ne bai daidaita ba. In ka tabbata ƙafa ce kuma ratar kaɗan ce, ɗan guntun roba ko fata a tafin gajeriyar ya wadatar. In ratar da yawa ka ɗora shi inda ka san ƙasan a miƙe yake, ka cusa kwali ƙarƙashin gajeriyar har ya daina motsi, ka kwantar da fensir a kan wani ɗan siririn katako da kaurinsa ya ɗan fi ratar, ka zagaye kowace ƙafa da shi kana jan layi, sai ka yanke duka huɗun a kan layin ka sake shafe tafinsu.